Wa zai yi jinyarmu idan mun tsufa? Muhawara bayan taron masana a Kano

Abban Sadiq:
Salam jama'a, barkanmu da dare. Ɗazu na dawo daga taron nan da na ce muku zan leƙa, wanda aka tara masana a kan makomar kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Mutum biyar aka jera a teburi, wata likita, wani malamin jami'a, wani malamin addini, wata Hajiya ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ta kusa ritaya, sai wani bawan Allah makaho. An ce ƙarfe 10, ba a fara ba sai wajen sha ɗaya da rabi, kun dai san halinmu, gaisuwar manyan baƙi kaɗai ta ci kusan awa guda.

Malamin jami'ar ya ce tsarin da ya riƙe tsofaffinmu a da shi ne babban gida, kaka da 'ya'ya da jikoki da surukai duk ƙofa ɗaya ake shiga, to yanzu an raba gado an sayar da gidan cikin gari, wannan ya koma Rijiyar Zaki wancan Hotoro wani Abuja, tsohuwa ta rage ita da 'yar aiki. Likitar kuma ta ce yanzu mutum yana iya shekara biyar ko fiye a kwance bayan shanyewar ɓarin jiki, magani yana riƙe ransa amma ba ya tayar da shi, asibiti kuma sallamarsa za su yi don gadon na wani ne. Amma ni abin da ya tsaya min a rai na Hajiyar nan ne. Ta karɓi lasifika ta ce duk namijin da ya taɓa wanke wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa bayan gida da hannunsa ya ɗaga hannu. Wallahi ɗakin ya yi tsit. Hannu uku ko huɗu na gani a ɓangaren maza, ni ma nawa yana aljihu. Da ta juya ɓangaren mata ba ta ma ƙarasa tambayar ba.

Ɗan Kurna:
Wslm. Yaya ni fa irin tarukan nan ba na yarda da su, ƙarshen zancen de a ce a gina gidan tsofaffi irin na Turawa mu kwashi iyayenmu mu kai mu ajiye kamar kayan da aka gaji da su. Allah ya tsare. Uwata ta sha wahalata sannan in kai ta wani gida baƙo yana ba ta abinci? A'a wlh

Abban Sadiq:
Ƙanena ba wanda ya ce a kwashi kowa, ka bari in ƙarasa mana

Maman Ilham:
Ɗan Kurna don Allah tambaya ɗaya, Hajiyarku tana da lafiya ko?

Ɗan Kurna:
Alhamdulillah Anti, ƙalau take, har kasuwar Rimi take zuwa da kanta

Maman Ilham:
To Allah ya ƙara mata lafiya. Ni tawa shekara huɗu ke nan tana kwance. Mu bakwai ta haifa, maza huɗu mata uku, kuma ranar da aka sallamo ta daga asibiti aka yi zaman 'yan uwa kowa ya yi kuka kowa ya ce Inna tamu ce duka, aka tsara za a dinga karɓa-karɓa wata bibbiyu. Ni aka fara kawo wa don ina da ɗaki a ƙasa. Har yau wata biyun nan ba su cika ba.

Bari in faɗa muku yadda dare ɗaya yake. Ƙarfe 11 in juya ta ɓangaren dama in sa filo a tsakanin gwiwoyinta, ƙarfe ɗaya in tashi in mayar da ita hagu, in na makara sai in tarar ta jiƙe har katifa, to sai a dafa ruwa a wanke ta a canza zani, ga ba wuta, waya a baki nake haskawa. Wajen asuba ta fara kiran sunan yayarta da ta rasu tun ina firamare, in ba ka amsa ba ta yi ta kuka. Da safe kunu da cokali kaɗan-kaɗan don ƙwarewa take yi, kofi ɗaya sai mu yi minti 40. Ɗinkin da nake yi na daina, keken yana can ƙura ta rufe shi. Yayyena maza suna zuwa ranar Juma'a bayan masallaci da ledar lemo da ayaba, su zauna minti 20, Inna ya jiki, Allah ya ba ki lada 'yar uwa, su tafi. Ban ce ba sa taimakawa ba, babban yayanmu shi yake sayen magani da famfas, Allah ya saka masa. Amma bacci fa? wa zai saya min bacci?

Ni ba zan taɓa kai Inna wani gida ba, ko an gina shi da zinare. Amma da akwai inda zan samu mace mai amana da ta san aikin ta karɓe ni kwana biyu a sati, da na yi sujjada.

Hajiyar Sheka:
Allah sarki Maman Ilham, sannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ma na yi na surukata shekara biyu kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma abin da ya fi min ciwo ba aikin ba ne, ranar da gyambo ya fito mata a baya 'ya'yanta mata suka zo suna kallona kamar ni na sa mata

Anti Nas:
Hajiya wannan gyambon kwanciyar ko a asibiti yana fitowa in aka yi sakaci kaɗan, balle a gida mutum ɗaya ba mataimaki. Ka'idar ita ce a juya majinyaci kamar duk awa biyu, fata ta zauna a bushe, a duba ƙugu da diddige da kafaɗa kullum, in aka ga wuri ya yi ja an danna bai washe ba to ya fara. Akwai katifar iska da ake jonawa da wuta tana taimakawa sosai, sai dai ina wutar. Abin da yake ba ni haushi a aikinmu, za a sallami mai shanyewar ɓarin jiki a miƙa wa 'yan uwa takardar magani a ce ku dawo bayan sati biyu, ba wanda zai zaunar da mai jinya ya nuna mata yadda ake ɗaga mutum ba tare da ta karya bayanta ba, ko yadda ake ba shi abinci a zaune kar ya shiga huhu, ko yadda ake kula da robar fitsari. Ba mugunta ba ce, mu ma mun yi kaɗan, nas ɗaya da ɗaki cike. Kuma ɓangaren lafiyar tsofaffi sabon abu ne a ƙasar nan, cibiyar farko da aka ware musu a asibitin koyarwa na Ibadan sai 2012 aka buɗe ta.

Wani abu kuma, gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, ba kuma iskanci ba ne. Tsohuwa ta ce an sace mata kuɗi ko ba a ba ta abinci ba alhali yanzu ta ci, sai a hau faɗa da ita ko a zargi 'yar aiki, aure ma ya sha mutuwa a kan wannan

Abban Sadiq:
Anti Nas kamar kina wurin, kusan abin da likitar ta faɗa ke nan. Ta ce tunda muna da asibitocin sha ka tafi a unguwanni da ma'aikatan lafiya na matakin farko, me zai hana a horar da mata da matasa aikin jinyar gida na 'yan watanni a ba su shaida, a san su a san mai unguwarsu, iyali su ɗauke su aiki. Ga aikin yi ga sauƙi

Ɗan Kurna:
To wa ze biya? Mai albashin 71,000 ne ze ɗauki ma'aikaci? buhun shinkafa nawa yanzu

Abban Sadiq:
Yauwa, a nan aka yi ta kai ruwa rana, kuma gaskiya ba a tashi da amsa ba

Bakano a Ingila:
Salam, yanzu na tashi daga aiki na ga saƙo sun taru. Ni fa wannan aikin shi nake yi a nan, jinyar tsofaffi, da bizar da suka buɗe wa masu wannan aiki a 2022 na zo. Da digirina da komai, a Kano ko kofin da na sha shayi ban taɓa wankewa ba, yau ni ne nake yi wa tsohon Bature wanka ina aske masa gemu ina sa masa safa. Farkon zuwana har kuka na yi a banɗaki, ba don ƙyama ba, tunowa na yi Baba ya yi jinyar wata takwas kafin ya rasu ban taɓa yi masa ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba, ƙanwata ce ta yi, ni sai dai in leƙa in ce sannu Baba.

Ɗan Kurna kana da gaskiya ta wani ɓangaren, akwai kaɗaici a gidajen nan, akwai wadda tun da na fara aiki ban ga wani nata ya zo ba. Amma kar ka ɗauka duk tsofaffinsu a can suke, da yawa suna gidajensu, mu ne muke bi gida-gida safe da rana da dare. Kuma kar wani ya ce muku sun warware matsalar. A Ingila asibiti kyauta ne amma kulawar tsufa ba kyauta ba ce, in dukiyarka ta haura fam 23,250 kai za ka biya da kanka, mutane har gidansu suke sayarwa. Tun 2011 wani kwamiti ya ba da shawarar a sa iyaka ga abin da mutum zai kashe, gwamnatoci sun yi ta ɗage abin har aka watsar. Ma'aikata ba sa isarsu shi ya sa suka kwaso mu, sannan a 2024 suka hana zuwa da iyali, a 2025 suka rufe ɗauko sababbi daga waje. To ka ga su ma lalube suke yi

Hajiyar Sheka:
Ikon Allah, wato namu 'ya'yan suna can suna jinyar iyayen wasu, nasu iyayen suna nan hannun 'yar aiki

Bakano a Ingila:
Hajiya kin taɓa min inda yake ciwo. Amma kuɗin da nake turowa ne yake sayen maganin sugan Umma, to ya zan yi

Malam na Yakasai:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, ina so in ɗan gyara wani abu da ake yawan cakuɗawa. Wajibcin kula da iyaye ba wanda yake jayayya a kai, aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ko da a ce musu "uf", kuma ku lura ayar a kan lokacin tsufansu a wurinka take magana, wato lokacin da haƙuri yake ƙarewa. Amma umarnin ga 'ya'ya ne maza da mata, ba a ce 'ya mace kaɗai ba, ballantana matar ɗa. Suruka in ta yi kyautatawa ce da neman lada, ba bashi ba ne a kanta, sai a gode mata. Na biyu, ɗauko wani ya taimaka da lada ba saɓa wa iyaye ba ne, kamar yadda kai su asibiti likita ya duba su ba saɓawa ba ne. Abin zargi shi ne yasarwa.

Na uku, wanda ba shi da kowa fa? Akwai wanda bai haihu ba, akwai wanda 'ya'yan suka riga shi, akwai wanda 'ya'yan su ma neman na koko suke. Sanannen labari ne Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya sa aka yanka masa abin da zai ci daga baitulmali, bai ce ina 'ya'yanka ba. Saboda haka haƙƙi ne a kan hukuma. Kuma muna da hubusi, wato waƙafi, Kano tana da hukumar zakka da hubusi tun 2003. Attajiranmu sun iya gina masallaci, layi ɗaya sai ka ƙirga uku, Allah ya karɓa, amma da wani zai tsayar da shaguna goma a Kwari ya ce kuɗin hayarsu na albashin masu jinyar gajiyayyun unguwa ne har abada, wannan ma sadaka ce mai gudana

Ɗan Kurna:
Allah ya gafarta Malam na karɓi gyara. Amma ni de har yanzu baƙo ya ga tsiraicin mahaifiyata ne ba zan iya ba

Anti Nas:
Ƙanena ranar da aka haife ka ma baƙuwa ce ta karɓe ka. Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, shi ke nan. In kuma ba ka so to ka zo in koya maka ka yi da kanka, ba wasa nake ba

Baba Ɗan Fansho:
'Ya'yana ku yi haƙuri da rubutuna, jikata ce take danna min. Shekara 35 na yi wa gwamnati aiki. Duk kuna ta maganar yadda za a yi da mu, ba wanda ya tambaye mu. Abban Sadiq a teburin nan akwai tsoho ko ɗaya?

Abban Sadiq:
Baba wallahi babu, sai a cikin 'yan kallo. Na ma ji kunya da ka tambaya

Baba Ɗan Fansho:
To ka gani. Ni abin da nake so kar in zama kaya a kan kowa. A ba ni haƙƙina a kan lokaci in sayi maganina da kuɗina, in jikana ya zo in ba shi na alawa, mutuncin tsoho ke nan. Amma a kira ka tantancewa ka hau adaidaita da ciwon gwiwa ka yi layi a rana don ka tabbatar kana raye, na ga wanda ya yanke jiki ya faɗi a irin layin nan. Mu ma da muke da fanshon mun fi wasu. Abokina kafinta ne, shekara 50 yana aiki, ranar da idonsa ya mutu ranar abincinsa ya tsaya. Ɗan dako da mai facin taya da mai sayar da ƙosai wa yake ba su fansho? An ƙaddamar da wani ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu a 2019, ku tambayi 'yan kasuwar Kurmi mutum nawa ne suka taɓa jin labarinsa.

Kuma kar a ce min ba a iya ba. Jihar Ekiti a 2011 ta fara ba tsofaffi marasa galihu 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 duk wata. Zanzibar, Musulmi ne irinmu ba kuma masu arziki ba, tun 2016 suke ba duk wanda ya kai 70 ɗan wani abu a wata. Ba yawan kuɗin ba ne, tsohuwar da take da nata ko kaɗan ne ba a yi mata kallon da ake yi wa wadda ba ta da ko sisi, ko a gidan ɗanta ne

Abban Sadiq:
Allah ya ƙara girma Baba. Malamin jami'ar ya kawo misalin Jamus da Japan, ya ce su inshora ta musamman suka yi don jinyar tsufa, Jamus a 1995, Japan a 2000 inda kowa yake fara biya daga shekara 40. A Jamus ma in 'yan uwa ne suke jinyar a gida akwai kuɗin da ake bayarwa duk wata. Sai Hajiyar nan ta katse shi ta ce Malam a can kusan kowa albashi yake ɗauka ana cira tun daga tushe, a nan daga ina za ka cira wa mai tura baro? Aka yi dariya amma bai ba ta amsa ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce dole kowa ya shiga, jiha ma tana da nata tsarin taimakekeniya, to amma duk wannan asibiti da magani ne, ba ya biyan wanda zai kwana yana juya Inna

Injiniya Mai Keke:
Ni fa na gaji da jin an yi doka. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024, ta kuma ce kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati namu ne. Satin da ya wuce na je wani ofis, bene hawa biyu ba wata hanya, samari biyu suka ɗauke ni da keken kamar buhun masara, ɗaya yana cewa a riƙe kansa kar ya zube. Ina da shekara 38 da 'ya'ya uku. Akwai kuma cibiyar tsofaffi ta ƙasa da aka yi wa doka, tana Abuja, Baba ka taɓa ganin wani nata a unguwarku?

Sannan don Allah a daina haɗa mu a kwando ɗaya, tsoho da makaho da maraya da mai taɓin hankali duk a ce gajiyayyu. Ni ba jinya nake buƙata ba, hanya nake buƙata da aiki. Wanda yake buƙatar jinya daban

Abban Sadiq:
Injiniya shi ma makahon da ya yi magana kusan haka ya ce, har ya ƙara da cewa takardun taron ma ba a yi ko ɗaya da rubutun makafi ba

Baba Ɗan Fansho:
Injiniya, ban taɓa ganin wani na cibiyar ba ɗana, sai a rediyo

Hajiyar Sheka:
Ni kam na daina jiran gwamnati. A layinmu mu mata tara muke adashi, da surukata ta kwanta sai muka ce duk wadda take jinya ranar Laraba biyu daga cikinmu za su je su karɓe ta daga azahar zuwa magariba, ta yi wanka a nutse ta yi kitso ta je gidansu ko ta yi bacci kawai. Ba kuɗi a ciki. Ya yi shekara ɗaya yana tafiya sannan ya watse don biyu sun tashi daga unguwar ɗaya kuma mijinta ya hana, amma Larabar nan ita ta hana ni haukacewa

Bakano a Ingila:
Hajiya abin da kuka yi ɗin nan a nan suna da shi a tsari, hutun mai jinya, har takarda ake cikewa. Ku kun yi ba takarda

Ɗan Kurna:
To irin wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, tunda 'yan unguwa ne an san juna

Anti Nas:
Sai dai a haɗa da koyarwa, don niyya mai kyau ba ta hana a ɗura wa mutum kunu a kwance ya shaƙe. Kuma in za a ɗauki masu aikin da kuɗi a biya su da mutunci, ba a ɗauko yarinya 'yar shekara 12 daga ƙauye a ce ita za ta ɗaga tsohuwar da ta ninka ta nauyi ba, wannan zalunci biyu ne, an cuci yarinyar an cuci tsohuwar. Ni in za ku haɗa mata goma zuwa sha biyar da maza ko biyar ne, zan zo wata Asabar in nuna muku juyi da wanka a kan gado da ba da abinci, kyauta, tabarma da filo uku kawai nake so da wanda zai kwanta a gwada da shi

Abban Sadiq:
Ɗan Kurna ne zai kwanta

Ɗan Kurna:
Haba Yaya. To na ji, amma ba ɗaukar hoto

Malam na Yakasai:
Akwai aji a islamiyyarmu da ba kowa ranar Asabar da safe, zan yi wa shugaban makaranta magana. Maza su zo fa, kar a bar wa mata kamar kullum

Maman Ilham:
Anti Nas ni ina so amma wa zan bar wa Inna in taho

Hajiyar Sheka:
Wace unguwa kike 'yar uwa? ki min magana ta gefe. Akwai ma katifar iskar surukata tana nan a ajiye, injin yana aiki, faci ɗaya ne a gefe

Maman Ilham:
Na gode Hajiya Allah ya bar zumunci, zan miki magana da safe. Na tura wa yayyena duk hirar nan, biyu sun buɗe ba wanda ya ce komai tukuna. Bari in je, sha ɗaya ta wuce ban juya ta ba